CSS: Yadda Ake Sauya Kamannin Shafin Intanet Ba Tare da Taɓa Tushensa Ba

Mafi yawan shafukan intanet da muke buɗewa kullum ba daga tushe aka gina su ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan manhajar WordPress suke zaune. Mai son buɗe jarida, ko kantin atamfa, ko shafin makaranta, abin da yakan yi shi ne ya zaɓi jigo, wato kundin da ke ɗauke da fasalin shafi gaba ɗaya, sannan ya jona masa fulogin, ƙananan manhajojin nan da ke ƙara wani aiki na musamman, irin su fom ɗin aika saƙo, kwandon sayayya ko jadawalin lokutan salla. Wanda ya tsara jigon yana wata ƙasa, wanda ya rubuta fulogin yana wata, ba su san juna ba, ba su kuma san mai shafin ba. Shi ya sa idan aka haɗa kayansu wuri ɗaya sai ka ga maɓalli ya fito da launin da bai dace da tambarin kamfani ba, ko rubutun fom ya yi ƙanƙanta, ko kanun labari ya cinye rabin fuskar waya.

Ke nan babban aikin mai haɗa shafi a yau shi ne gyaran aikin wani. Makamin wannan gyara shi ne CSS, harshen da ke faɗa wa burauza (manhajar da ake buɗe shafi da ita) launi, girma, tazara da mazaunin kowane abu a shafi. An ƙirƙire shi ne tun farko domin mutum ya iya ɗora ra'ayinsa a kan aikin wani ba tare da ya taɓa asalin aikin ba. Wanda ya gane haka, gyaransa zai ɗore. Wanda bai gane ba zai yi ta maimaita aiki ɗaya.

Inda abin ya samo asali

Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, harshen HTML da ya samar aikinsa bayyana tsarin rubutu ne: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. Yadda za su fito a allo, burauza aka bar wa. Masu shafuka ba su gamsu ba, suka fara cusa umarnin launi da girman haruffa a cikin rubutun kansa, har ta kai wanda ke son sauya launin kanu a shafi ɗari sai ya buɗe fayil ɗari.

A ranar 10 ga Oktoba, 1994, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Håkon Wium Lie, wanda shi ma a CERN yake aiki, ya gabatar da shawarar a ware ado daga rubutu, a zuba shi a takardar salo ta daban. Bert Bos, ɗan ƙasar Holan, ya haɗa hannu da shi, kuma a watan Disamba na 1996 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da matakin farko na CSS. Akwai wasu shawarwari makamantan wannan a lokacin, amma abin da ya bambanta ta Lie shi ne ta yarda cewa shafi ɗaya na iya karɓar umarni daga takardu da yawa a lokaci guda: ta burauza, ta mai shafi da ta mai karatu. Idan suka saɓa, akwai jerin fifiko da zai yanke hukunci.

A 2003 wani mai zane ɗan Kanada, Dave Shea, ya buɗe shafin CSS Zen Garden, ya ajiye fayil ɗin HTML guda ɗaya, ya gayyaci masu zane su sauya masa kama da takardar salo kaɗai. Ɗaruruwan fasali suka fito, kowanne daban, alhali ba a taɓa ko kalma ɗaya a rubutun ba. A wannan shekarar ce kuma Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress. Fulogin ya shigo cikinta a 2004, tsarin jigo ya biyo baya a 2005, kuma har yau jigo na gargajiya ba ya aiki sai da fayil mai suna style.css, domin a samansa ake rubuta sunan jigon.

Wace doka ke rinjaye?

Kowace doka a CSS kashi biyu ce: manuni, wanda ke nuna abin da za a gyara, da umarni, wanda ke faɗin gyaran. Idan ka rubuta h1 sannan ka bi shi da color: green, duk babban kanu zai koma kore. Kukan da aka fi ji daga masu koyo shi ne: «Na rubuta, amma bai sauya ba.» Galibi dokar tasu daidai take, wata ce ta rinjaye ta.

Burauza na auna nauyin manuni a gurbi uku. Na farko, sunaye nawa ne na id, wato sunan da abu ɗaya tak ke ɗauka a shafi. Na biyu, sunayen aji nawa ne, waɗanda ake rubutawa da ɗigo a farkonsu. Na uku, sunayen abubuwan HTML nawa ne, irin su a ko h1. Daga gurbin farko ake fara kwatantawa, don haka id guda ɗaya ya fi aji goma nauyi. A ce fulogin na kanti ya rubuta .woocommerce a.button, kai kuma ka rubuta .button kawai. Nasa yana da aji biyu da abu ɗaya, naka aji ɗaya, saboda haka nasa ne zai yi aiki ko da naka ya zo daga baya. Sai idan nauyi ya zo ɗaya ne ake duba wanda ya zo ƙarshe, shi ne mai nasara.

Ba sai an yi ta lalube a duhu ba. Chrome, Firefox da Edge duk suna da kayan bincike a cikinsu. A kwamfuta, danna F12, ko ka danna abin da kake son gyarawa da ɓangaren dama na linzami ka zaɓi Inspect. Za ka ga duk dokokin da suka shafe shi a jere, da sunan fayil ɗin da kowace ta fito, waɗanda aka rinjaya kuma an ja musu layi a tsakiya. Kana iya gwada sabon launi nan take, kuma gwajin a allonka kaɗai yake, ba ya taɓa shafin da jama'a ke gani. Da ka ga manunin da ya yi nasara, sai ka kwafe shi, ka rubuta naka umarnin da shi a wurin da zai zo daga baya.

Mutane da yawa kan tsallake wannan mataki su liƙa !important a ƙarshen kowane umarni, domin yana ture lissafin nauyi. Yau zai biya buƙata, amma gobe idan kana son sauya abin sai da wani !important mai manuni mafi nauyi, a haka har takardar ta cakuɗe, mai ita ma ya kasa gane ta. Yana da kyau a san wanda ƙa'ida ta fi ba wa wannan iko. Tun daga mataki na biyu na CSS, wanda ya fito a 1998, !important na mai karatu ya fi na mai shafi ƙarfi, domin mai raunin gani ya iya tilasta manyan haruffa ko da mai zane bai so ba. Mai shafi ya ajiye shi don lalura, kamar inda fulogin ya cusa ado a jikin HTML kai tsaye, wanda manuni komai nauyinsa ba ya iya turewa.

Inda ya kamata gyara ya zauna

Kuskuren da ya fi tsada shi ne buɗe style.css na jigo, ko fayil ɗin salo na fulogin, a yi gyara a ciki. Duk ranar da aka sabunta jigo ko fulogin, WordPress kan kawar da tsohuwar jakarsa gaba ɗaya ta dasa sabuwa. Mai gyara a can tamkar wanda ya rubuta lissafin bashinsa ne a kan allon almajiri: ranar wankin allo, lissafi ya bi ruwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne dabarar da wasu ke yi bayan sun ƙone sau ɗaya, wato su daina sabuntawa kwata-kwata don kada adonsu ya ɓace. Sabuntawa kuwa ita ke toshe kafofin da masu kutse ke bi, kuma mafi yawan raunin tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress a fulogin yake. Bai kamata a sayar da tsaron shafi saboda launin maɓalli ba.

Wuraren da gyara ke tsira guda uku ne. Na farko shi ne akwatin Additional CSS, wanda ya shigo WordPress da siga ta 4.7 a Disambar 2016. Abin da aka rubuta a nan ana adana shi ne a rumbun bayanai, sabuntawa ba ta taɓa shi, sai dai yana ɗaure da jigon da ke aiki, idan an sauya jigo ba zai bi ba. Ya isa ga gyaran layi goma ko ashirin.

Na biyu shi ne ɗan jigo. Ana buɗe sabuwar jaka a wp-content/themes, a sa mata nata style.css, a rubuta layin Template a samansa tare da sunan jakar uwar jigo. Ɗan zai gaji komai daga uwar, ya sauya abin da aka umarce shi kaɗai. Abin lura a nan shi ne a tsara a fayil ɗin functions.php na ɗan jigon cewa takardar ɗan ta zo bayan ta uwar da ta fulogin, domin ta yi nasara idan nauyi ya zo ɗaya.

Na uku ya shafi sababbin jigogi masu tubali. Tun siga ta 5.8 a 2021 akwai fayil ɗin theme.json, inda ake ayyana launuka, girman haruffa da tazara a wuri guda, WordPress ta mayar da su CSS da kanta, sai dai shi ma a cikin ɗan jigo ya kamata a gyara shi domin gyaran ya tsira. Fulogin da aka rubuta da kyau zai ɗauki launinsa daga nan, ka sauya a wuri ɗaya, ya sauya ko'ina. Kafin ma a rubuta ko layi ɗaya, a duba saitin fulogin ɗin, domin sau da yawa marubucinsa ya riga ya tanadi wurin sauya launi.

Gargaɗi biyu. Idan ka yi gyara daidai amma ba ka ga canji ba, wataƙila burauza ko saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na nuna maka tsohon kwafin da ta ajiye ne, sai a share ma'ajiyar wucin gadi. Sannan umarnin display: none ɓoyewa yake yi, ba ya gogewa. Farashin sari ko lambar waya da aka ɓoye ta haka suna nan a cikin shafin, duk wanda ya buɗe tushensa zai karanta, kuma hoton da aka ɓoye sau da yawa yana ci gaba da cin datar mai karatu.

Ado domin mai karatu

A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa ganin kanun labari inda ƙ ko ɗ ta fito siririya a tsakiyar haruffa masu kauri, ko ta koma ɗan akwati. Dalili shi ne jigon ya zo da zubin haruffa da ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, burauza ta aro su daga wani zubin. A tsarin Unicode, ƙ da ƴ suna wani rukuni, ɓ da ɗ suna wani, kuma dukkansu suna wajen rukunin haruffan Turai ta Yamma da yawancin masu zane ke tsayawa a kai. Wasu editoci kan gaji su koma rubuta k da d zalla, sai ƙasa da kasa su zama ɗaya, ɗaki da daki su rikice. Wannan asara ce ga harshe, alhali layi kaɗan na CSS ne maganinta.

Da umarnin font-family ana iya ɗora wa shafi zubin da ya cika, irin su Noto na Google, ko Andika, Charis da Gentium na cibiyar SIL, dukkansu kyauta. Kafin a amince da kowane zubi, a gwada shi da manya da ƙananan baƙaƙen duka, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ da ƙannensu, a siriri da mai kauri, domin jigogi da yawa na mayar da kanu manyan baƙaƙe da kansu. Shafin da ke da masu karatu a Nijar kada ya manta da ƴ, wadda a Najeriya ake rubutawa da waƙafin sama da y. Masu buga ajami kuma suna da Alkalami, zubin da SIL ta tsara bisa salon rubutun hannu na yankin Kano, da Harmattan na Afirka ta Yamma, kuma dole shafin ya san cewa rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu.

Bayan haruffa sai waya. Yawancin masu karatunmu a waya suke, sau da yawa a tsakar rana, a kan data mai tsada. Tun 2010 wani mai zane, Ethan Marcotte, ya yayata tsarin shafi mai miƙewa da tsukewa daidai da faɗin allo, ta hanyar dokokin @media. Gyaran da aka yi a babbar kwamfuta aka ƙayyade faɗi da adadi tsayayye na iya tura rabin fom waje a ƙaramar waya. Launi ma yana da ma'auni: ƙa'idojin WCAG na W3C sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke so, yakan gaza wannan ma'auni, dattijo kuma ya kasa karantawa. Kowane ƙarin zubin haruffa fayil ne da sai an sauke, don haka biyu sun isa.

Mai shafin da ya ba da aiki ba sai ya iya CSS ba, amma yana da haƙƙin yin tambaya huɗu ranar karɓar aiki: A ina aka ajiye gyare-gyaren? Idan na sabunta jigo da fulogin za su tsira? An gwada a ƙaramar waya? Baƙaƙen Hausa sun fito daidai a kanu da cikin rubutu? Ƙwararre zai amsa su cikin minti kaɗan, ya nuna maka da idonka. Cibiyoyin da ke koya wa matasanmu haɗa shafi kuma su sa jerin fifiko da ɗan jigo a darussan farko, kafin ɗalibi ya saba da gyaran da sabuntawa ɗaya ke sharewa.