Gwanayen Damben Afirka Da Ƙaurace Wa Montreal Ya Tauye

Ran 17 ga watan Agusta na 1974 aka buɗe gasar damben zamani ta duniya ta farko a Habana, babban birnin ƙasar Kyuba, watau gasar 'yan damben da ba su ɗauki abin sana'ar neman kuɗi ba. Kafin wannan lokaci, ɗan damben irin wannan ba shi da fagen da zai kara da duniya duka sai wasannin Olamfik, su kuwa sai bayan shekara huɗu-huɗu suke zagayowa.

Ka'idar wannan dambe ta bambanta da ta masu neman kuɗi. Turmi uku kaɗai ake yi, kowane turmi minti uku, alƙalai biyar na gefe suna ba da maki. Ba a jiran sai an yi kisa kamar yadda aka saba a dambenmu na gargajiya. Wanda ya fi kai naushi mai tsabta shi ke da nasara. Saboda haka babu lokacin lalube. Wanda ya yi sanyin jiki a turmin farko, da wuya ya farfaɗo.

A Habana an raba 'yan dambe aji 11 bisa ga nauyi. Masu masauki suka kwashe lambobin zinariya 5, cikinsu har da ta Teofilo Stevenson, ƙaton nan da ya ƙi shiga damben kuɗi har ya yi ritaya. Amma abin da ya ba mutane mamaki shi ne rawar da 'yan Afirka suka taka. Ayub Kalule na Yuganda ya ci zinariya a ajin kilo 63.5. Stephen Muchoki na Kenya ya kai wasan ƙarshe a ajin kilo 48, inda Jorge Hernandez na Kyuba ya rinjaye shi. Fatai Ayinla na Nijeriya kuwa ya dawo gida da tagulla daga ajin masu nauyi, ajin Stevenson ke nan.

Ganin haka, kowa ya zuba ido ga Olamfik na 1976 a Montreal ta ƙasar Kanada. Sai siyasa ta shigo. A watan Yuni na shekarar 'yan sandan Afirka ta Kudu suka bindige 'yan makaranta a Soweto, ga kuma 'yan wasan ƙwallon zari-ruga na New Zealand sun tafi yawon wasa ƙasar, alhali mulkin wariyar launin fata yana kan ganiyarsa. Ƙasashen Afirka suka nemi a kori New Zealand daga Olamfik, hukumar wasannin ta ƙi. Nan da nan ƙasashe fiye da 20 suka janye, har da Nijeriya da Kenya da Yuganda, wasu ma 'yan wasansu sun riga sun sauka a Montreal.

Babu mai musun cewa dalilin janyewar mai ƙarfi ne. Sai dai wanda ya biya kuɗin wannan shawara ba ministan da ya sa hannu ba ne, matashi ne wanda ya yi shekaru yana gudun asuba yana ƙuntata cikinsa don kada nauyi ya wuce ka'ida. Kuma ƙuruciyar ɗan dambe ba ta jira.

A duba waɗanda suka ci zinariya a Montreal. A ajin kilo 48, Jorge Hernandez ne. Da aka sake haɗuwa a gasar duniya ta biyu a Belgrade ta ƙasar Yugoslabiya cikin watan Mayu na 1978, Muchoki ya rama, ya doke shi a wasan ƙarshe ya karɓe kambun. A wannan gasa ce kuma Davidson Andeh na Nijeriya ya doke Vladimir Sorokin na Tarayyar Sobiyat a ajin kilo 60, ya zama zakaran duniya. Muchoki dai bai yi sa'ar Olamfik ba, Kenya kuma ta sake ƙaurace wa wasannin Mosko na 1980.

Labarin Kalule ya fi ban tausayi. Ajinsa na kilo 63.5, Sugar Ray Leonard na Amurka ne ya cinye shi a Montreal, daga nan sunansa ya cika duniya, kuɗi suka biyo baya. Shi kuwa Kalule ya riga ya koma Denmark ya shiga damben kuɗi, har ya ci kambun duniya a 1979. Karon da aka so gani a 1976 bai yiwu ba sai a watan Yuni na 1981 a birnin Houston, inda Leonard ya gama da shi a turmi na tara. Damben turmi goma sha biyar daban, na turmi uku daban, don haka wannan sakamako bai warware gardamar abin da zai faru a Montreal ba.

Bayan Belgrade, sai da aka yi shekara 37 kafin wani namiji ɗan Afirka ya sake cin zinariya a wannan gasa, watau Mohammed Rabii na Maroko, a Doha cikin 2015.