Awon Numfashi Da Raunin Huhu

Jama'a, ku sani huhu yakan yi rauni a hankali, mai shi bai ankara ba. Da fari sai tari da kaki kowace safiya, daga baya sai haki ko da ɗan tudu aka hau. Abin da ya fi kawo wannan shi ne hayaƙin taba, da na itace ko kara a madafa marar taga.

Akwai na'urar awon numfashi, wadda wani likita, John Hutchinson, ya fito da ita a Ingila a 1846. Za a ba ka bututu, ka ja iska har ƙirji ya cika, sa'an nan ka busa da iyakar ƙarfinka. In iskar da ta fita a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 7 cikin 10 ba, to, hanyoyin iska sun ƙuntata ke nan.

Likitocin Amurka da Kanada sun bi mashaya taba wajen 6,000 har shekara 5. A 1994 suka bayyana cewa huhun waɗanda suka daina ya fi jinkirin lalacewa. Maganin shaƙa da suka gwada kuwa ya sauƙaƙa numfashi, amma bai tsai da lalacewar ba.

Saboda haka, maigida, ka bar taba. Uwargida, ki yi girki inda iska ke ratsawa, kada ki goya yaro cikin hayaƙi. Wanda tarinsa ya wuce mako 2, ya je asibiti a auna kakinsa, ko tarin fuka ne. Rigakafi ya fi magani.