Abin Da Farce Ke Faɗa Game Da Gaɓɓai

Hausawa sun daɗe suna kiran ɓawon da ke zuba daga fatar kai amosani, suna kuma kiran ciwon da ke kama gwiwa da yatsu amosanin gaɓɓai. To, akwai wata cuta wadda takan tara waɗannan biyu a jiki ɗaya. Likitoci suna kiranta soriyasis, Larabawa kuwa suna ce mata sadafiyya, daga sadaf, watau katantanwar teku, saboda ƙyallin ɓawonta.

Alamarta ita ce fata ta yi kauri a gwiwar hannu da ta ƙafa da ƙugu da cikin gashi, tana ta zubar da ɓawo. A jikin Bature tabon ja ne, a jikin baƙin mutum kuwa yakan yi duhu ko toka-toka, shi ya sa akan ɗauke ta makero ko kirci. Ba kuturta ba ce, ba a kuwa ɗaukarta wurin musafaha ko cin tuwo a akushi ɗaya. Turawa ma sun daɗe suna gama su, sai a 1841 wani likitan birnin Viyana mai suna Hebra ya raba tsakaninsu. Asalinta garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, takan juyo ta far wa fatar mai ita.

Amma fa ba kullum take tsayawa a fata ba. Cikin masu ita, daga ɗaya cikin biyar har zuwa ɗaya cikin uku, takan gangara gaɓɓai. Galibi fata ce ke riga, gaɓɓai su biyo baya da kamar shekara goma. Wannan tazara ita ta sa likitoci suka tsaya neman sanin wa ya fi kusa da haɗari.

A 2009 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi sawun masu cutar shekaru masu yawa. Wanda ta kama wa fatar kai, haɗarinsa ya kusa ninki huɗu. Wanda ta ɓata wa farce, kusan ninki uku. Haka kuma wanda ta fito masa a tsakanin ɗuwawu, wurin da kunya kan hana mutum nuna wa likita.

Batun farcen nan ya isa a tsaya a kansa. Farce ba manne yake da fata kaɗai ba, saiwarsa tana ɗaure da jijiyar da ke miƙe yatsa, daidai gaɓar ƙarshe. Kumburin wannan cuta kuwa ya fi son inda jijiya ta kama ƙashi. Saboda haka in farce ya yi ƙananan ramuka kamar an tsattsaga shi da allura, ko ya yi kauri, ko ya ɗago daga namansa, sau da yawa wutar da ke ci a gaɓa ce ta nuna hayaƙinta. Malamin da abincinsa ke bakin alƙalami, da ɗan kasuwan da ke wuni yana ƙirga kuɗi, waɗannan gaɓɓai su ne jarinsu.

Sa'an nan sai gado. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan amosanin gaɓɓai, ya fi waninsa kusa da shi. Yawan bazuwar tabon a jiki ma yana ƙara haɗari, haka rauni a ƙashi ko gaɓa, domin cutar takan sauka inda aka bugu.

Gado ba ya sakuwa, amma ƙiba tana hannun mai ita. A kasuwa ana ganin tumbi shaidar arziki ne, ga mai wannan cuta kuwa ba arziki ba ne. Kitse yana fitar da abubuwan da ke hura kumburi cikin jini, ga nauyin da yake ɗora wa gwiwa da diddige. An kuma ga cewa mai ƙiba in ya rage, magani ya fi kama shi.

Ana rarrabe wannan ciwo da na tsufa ta wajen lokacinsa. Na tsufa yakan tsananta da aiki, ya lafa da hutu. Wannan kuwa da asuba yake tashi, gaɓɓai su sandare fiye da rabin sa'a, sai an motsa su sake. Wani yatsansa ɗaya kan kumbura sumul daga tushe har kai, wani diddigensa ya hana shi taka ƙasa, wani kuma idonsa ya yi ja da zafi. A 2015 likitocin Dablin ta ƙasar Ailan suka nuna cewa waɗanda suka wuce wata shida da fara ciwon kafin su ga likitan gaɓɓai, ƙashinsu ya fi zaizayewa. Ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya komawa, iyakar magani ya tsare abin da ya saura. Mai zuwa asibiti da ciwon gaɓa ya kamata ya cire hula, ya miƙa faratansa, ya faɗi duk inda tabon yake, har wanda riga ta rufe.