Katin da ke amsa kiran kowa

A shekarar 2008 gwamnatin Amurka ta fara bai wa 'yan ƙasarta wani katin fasfo mai shiga aljihu, domin masu tsallaka iyakar Kanada ko ta Meziko a mota. A cikinsa an binne wata 'yar ƙwayar lantarki da ake kira RFID. Ba ta da batir, ba ta kuma hulɗa da tauraron ɗan'adam kamar yadda wasu ke zato. Na'urar karatu ce ke watso igiyar rediyo, ƙwayar ta samu ƙarfi daga gare ta, nan take ta amsa da lambarta. Jihohi irin su Washington da Michigan da New York ma suna sa irinta a wani nau'in lasisin tuƙi.

Manufar ita ce rage cunkoso. Kafin mota ta iso gaban jami'in shige da fice, hoton mai katin ya riga ya bayyana a kwamfutarsa. Shi ya sa aka zaɓi ƙwaya mai cin dogon zango, wadda ake karantawa daga nisan mita da dama, irin wadda ake manna wa kwalayen kaya a sito. Matsalar ita ce ba ta tambayar wanda ya kira ta. Jami'i ne ko ɓarawo, amsa ɗaya take bayarwa, mai katin kuma bai ji ba bai gani ba.

Hukumomi kan ce babu suna a ciki, lamba ce kawai da ke nuni zuwa rumbun bayanan gwamnati. Gaskiya ne, amma wannan bai kwantar min da hankali ba, domin lambar ba ta canzawa. Da zarar wani ya haɗa ta da fuskarka sau ɗaya, a kanti ko a otal, shi ke nan. Duk na'urar da aka ɓoye a ƙofar asibiti, ko masallaci, ko zauren taron siyasa, za ta iya rubuta cewa ka shiga, da lokacin da ka fita. A 2009 wani masanin tsaron kwamfuta ya ɗora na'urar da bai kashe mata fiye da dala 250 ba a motarsa, ya zaga titunan San Francisco, cikin kusan minti 20 ya kwafi lambobin katin fasfo biyu. Maganin da ake bai wa jama'a shi ne wani ɗan kube mai tare igiyar rediyo. Wanda ya yar da kubensa fa?

Akwai wata hanyar. Ƙwayar da ke cikin littafin fasfo, irin wanda Nijeriya ta fara bayarwa a 2007, sai an kusanto da ita santimita kaɗan, kuma ba ta buɗewa sai na'ura ta karanta layukan da ke ƙasan shafin hoto. Katin shaidar da Jamus ta fito da shi a 2010 shi ma sai da lambar sirri ko lambar da ke jikinsa.

Don haka duk ranar da aka zo mana da sabon katin shaida a Nijeriya, 'yan majalisa da 'yan jarida su tambayi hukuma a fili: daga nisan nawa ake karanta shi, kuma wa yake amsa wa? Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, a yi aiki da ita kafin a buga kati ko ɗaya.