Dalilin da Ya Sa Igiyar da Aka Ɗaure Tamau Take Saurin Tsinkewa

Duk abin da aka rataya a igiya ko waya, ƙasa tana jan sa, igiyar kuma tana riƙe da shi da wani ƙarfi da ke bin tsawonta. A bakin rijiyoyin Yelu, cikin yankin Gaya na jihar Doso, kullum ana ganin wannan. Lita 10 na ruwa kilo 10 ne. Idan guga ya tsaya cak a tsakiyar rijiya, jan da ke cikin igiya daidai yake da nauyinsa. Da an fizga sai jan ya ƙaru, shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa a lokacin fizgar farko.

Inda lissafi ke ruɗa mutane shi ne idan aka ɗaure igiya tsakanin giginya biyu, aka rataya buhu a tsakiya. Akan zaci kowane ɓangare rabin nauyin yake ɗauka. Wannan yana faruwa ne kawai idan ɓangarorin biyu sun miƙe sama tsaye. Da sun buɗe, jan kowannensu ya rabu biyu: wani yana ɗaga buhun, wani yana jan giginyar zuwa ciki. Na farkon kaɗai ke hana buhun faɗuwa. Idan igiyar ta sunkuyo da digiri 30, kowane ɓangare yana ɗaukar nauyin buhun gaba ɗaya. Idan aka tamke ta har sunkuyon ya koma digiri 5, jan ya kusa ninka nauyin sau shida, wato buhu mai kilo 50 yana jan igiya kamar an rataya mata kilo 287. Tun a 1586 wani masani mai suna Simon Stevin ya bayyana yadda ƙarfi ke rabuwa haka. Babu kuwa igiyar da za ta miƙe sarai alhali da kaya a tsakiyarta, komai ƙarfin mai ɗaurin.

Saboda haka kuskure ne a ga wayar lantarki ta yi ciki tsakanin turaku a ce aikin ganganci ne. Da gangan injiniyoyi ke barin sunkuyon, har a babban layin da aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Ƙarfe yana miƙewa da zafin bazara, ya tsuke da sanyin hunturu. Wayar da aka ja tamau a watan Afirilu, idan Janairu ya zo za ta tsuke, jan ya hauhawa, ta tsinke ko ta karkatar da turken.