Hakkin Ma'aikaci Bayan Barin Aiki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kowace shekara, da an kau da amfanin gona, samari da yawa daga Dogon Daji da sauran ƙasar Tambuwal da Kebbe su kan tafi cin rani. Wasu su kan sami aiki wurin 'yan kwangilar hanya da na gini, wasu a gidajen mai, ko gidajen burodi, ko injin casar shinkafa. Idan damina ta gabato sai su komo gida, kuma ba safai a kan rasa wanda ya baro kuɗin wata ɗaya ko biyu a hannun ubangidansa ba. Galibi ƙofar hakimi ce wurin da irin wannan mutum ya ke fara kai kukansa. Saboda haka wajibi ne hakimi da malaminsa su san abin da doka ta ce.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar da ke bisa wannan al'amari ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta gaji ta 1945. Ta shafi leburori da masu aikin hannu da ƙananan akawuna. Barin aiki ba ya kashe hakkin kwanakin da mutum ya riga ya yi. Bashi ne a wuyan ubangida har ya biya.

Sashe na 7 ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin wata 3 su cika. Sashe na 15 ya hana a bar biyan lada ya wuce wata guda. Sashe na 5 ya hana yanke kuɗin ma'aikaci da sunan tara. Ko da ya yi ɓarna da gangan ko don sakaci, ba a cire kome sai da iznin Jami'in Ƙwadago a rubuce.

Sanarwar Rabuwa

Sashe na 11 ya ƙayyade sanarwar da kowane ɓangare zai ba ɗan'uwansa kafin a rabu. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1 ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fiye, wata 1. Ana iya biyan kuɗi a madadin sanarwar. Lalle ne a biya dukan ladan da ya rage kafin ranar ƙarshe ta wuce. Amma fa ma'aikacin da ya sulale ba sallama ya raunana maganarsa, gama shi ma ana iya binsa kuɗin sanarwa.

Kuɗin Hutu

Bisa ga sashe na 18, wanda ya yi wata 12 a jere yana da hutun kwana 6 na aiki, aƙalla, da cikakken lada. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa kwana 12 ne. Wanda ya bar aiki bayan ya cika wata 6, amma bai kai 12 ba, ana biyansa wani kaso na ladan mako guda gwargwadon watannin da ya yi. Misali, mutum yana karɓar Naira 18,000 a mako, ya yi wata 8. Sai a raba 18,000 gida 12, watau 1,500, a riɓanya sau 8. Hakkinsa ya zama Naira 12,000. Ba a sa kuɗin ƙarin lokaci ko alawus cikin wannan lissafi. Wanda bai kai wata 6 ba, ba shi da kuɗin hutu, sai dai ladansa.

Aikin Malamin Hakimi

Idan mai kuka ya zo, malami zai rubuta sunan ubangida da wurin aikin, da ranar farawa da ta bari, da ladan da aka yi alkawari, da abin da aka biya, da abin da ya saura. A rubuta lada dabam, kuɗin sanarwa dabam, kuɗin hutu dabam. Sa'an nan a tara shaida: takardar ɗauka, ko katin aiki, ko saƙon banki da ke cikin waya, ko sunayen abokan aiki. Rashin takarda ba ya ɓata alkawarin baka, sai dai ya wahalar da tabbatarwa. Shi ma ubangida, sashe na 75 ya ɗora masa ajiye littafin biya har shekara 3.

Daga nan a rubuta wa ubangida wasiƙa cikin ladabi, a faɗi jimlar kuɗin, a sa masa rana, a ajiye kwafi a ofis. Sau da yawa maganar kan ƙare a nan, don mai sana'a ba ya son sunansa ya ɓaci a gari.

Idan Sulhu ya Ƙi

Hakimi uban ƙasa ne, aikinsa sulhu. Ba shi da ikon tsare mutum ko kama dukiyarsa a kan wannan bashi. Idan ubangida ya ƙi, sai a tura mai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Sakkwato, ko na jihar da aka yi aikin. Jami'in Ƙwadago zai kira ɓangarorin biyu ya daidaita su.

In wannan ma bai yi ba, sauran kotu. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010, sashe na 254C ya keɓe shari'un aiki da lada ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, kuma tana da reshe a Sakkwato. Wanda ya kai irin wannan ƙara wata kotu dabam yana iya ɓata kuɗinsa da lokacinsa a banza. Marar hali kuwa ya nemi shawarar Hukumar Ba da Taimakon Shari'a.

A gargaɗi mai kuka kada ya ɗauke kayan ubangida don ya fanshe kuɗinsa, gama wannan zai juyar da mai gaskiya ya zama abin tuhuma. Kada kuma ya yi jinkiri, don ɗan kwangila kan kwashe kayansa da zarar aiki ya ƙare, shaidu kuma su watse.

Daga ƙarshe, ya kamata hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su sanar wa jama'a tun da kaka, kafin a fara tafiya: duk wanda zai kama aiki ya nemi takarda, ya san cikakken sunan ubangidansa, ya kuma riƙa rubuta kwanakinsa da abin da aka ba shi.