Alobera a cikin gida: ruwa kaɗan da ranar hantsi

Yau shafinmu zai yi magana a kan wata ƴar shuka da muke gani a wasu gidaje na Tanut da Balbeji. Sunanta alobera. Ganyenta kauri gare shi, da ƴan ƙayoyi a gefe, cikinsa kuma cike da ruwa mai yauƙi. Asalinta daga ƙasar Larabawa take. Tana da ƴar'uwa a dajin kudu, wadda ake kira zabuwa saboda ɗigon fari da ke jikinta irin na zabo. Matafiya kan zo da alobera tsaraba daga Damagaram ko Kano, a dasa cikin gwangwani, a ajiye don maganin ƙuna.

To, amma sau da yawa ba ta yin wata biyu sai ta mutu. In ka tambayi uwargida, sai ta ce: "Wallahi kullum sai na ba ta ruwa." Ruwan nan na kullum kuwa shi ne ajalinta.

Ba mu ga laifin uwargida ba. Mutanen Damargu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san shuka da ƙishi take mutuwa. Ruwan saman da muke samu a shekara sau da yawa bai kai milimita 300 ba, shi ma cikin wata uku yake sauka. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, tausayin shuka a wurinsa shi ne ya ba ta ruwa. Sai dai alobera ba halinta ɗaya da hatsi ko yakuwa ba. Halin raƙumi gare ta: ta sha ta ƙoshi, sannan ta daɗe ba ta nema ba.

Ga dalili. Kowane ganye nata randa ce da take ajiyar ruwa. A jikin ganyen kowace shuka akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan take numfashi, ta nan kuma ruwanta yake fita. Yawancin shuke-shuke da rana suke buɗe ƙofofin. Ita alobera rufe su take yi da rana, sai dare ya yi sanyi ta buɗe. Don haka ruwanta ba ya saurin ƙarewa. Saiwarta kuma tana bukatar iska. In ƙasa ta zauna jiƙe kwana da kwanaki, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ruɓar ta hau gindi. Ganye ya yi laushi, ya yi rawaya, ya faɗi. Mai ita ya ga haka ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Ruwan da aka jawo da wahala daga rijiya mai zurfi ya tafi a banza, shukar ma ta tafi.

Kafin ku ba ta ruwa, ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kun ji danshi, ku ƙyale ta. In ta bushe ƙayau, ku zuba sosai har ya ɗiga ta ƙasan tukunya. Da bazara kamar sau ɗaya a mako ya isa. Lokacin ɗari tana iya yin mako uku ba ta sha ba. Da damina ku matsar da ita ƙarƙashin rumfa in an jera kwanaki ana ruwa. Sauran ruwan buta ya wadatar da ita, amma ban da ruwan wanki mai sabulu. A zuba a kan ƙasa, kada a zuba cikin tsakiyar ganye inda zai kwanta.

Tsohuwar tukunyar ƙasa ta fi gwangwani, don ƙarfe yakan yi zafi ya dafa saiwa. Lalle a huda gindinta. A cika ta da rairayi kashi 2, da ƙasa mai tsohon taki kashi 1. Lakar bakin tabki ba ta yi, riƙe ruwa take.

Sai maganar haske. Ɗakunanmu duhu gare su, tagoginsu ƙanana. Aloberar da aka ajiye a lungu bayan gado takan yi fari, ganyenta ya yi tsawo siriri, ya kwanta. Ranar tsaka ta watan Afrilu da Mayu kuma, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, ƙona ta take yi, ganye ya koma ja-ja ya ƙanƙance. Abin da take so shi ne ranar safe zuwa hantsi, daga nan sai inuwa mai haske. Bakin ƙofa mai kallon gabas ya yi, gindin dogon yaro ma ya yi. Wadda ta daɗe a ɗaki kada a fitar da ita rana gaba ɗaya, a riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan har mako 2. Ƙurar hunturu a share ta da tsumma mai ɗan danshi. A ɗora tukunyar a kan wani abu mai tudu, don kaji ba su raina tono.

In ta ji daɗi sai ta fid da ƴaƴa a gindi. A cire ɗan da saiwarsa, a bar shi a inuwa kwana 2 ciwon ya bushe, a dasa, a jira mako guda kafin a ba shi ruwa. Haka maƙwabciya ma za ta samu nata.

Game da ƙuna, muna roƙon ku kula. Abu na farko shi ne a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Bayan haka, in ƙaramar ƙuna ce wadda fata ta yi ja kawai ba ta sale ba, a yanko babban ganye na ƙasa, a tsayar da shi ruwan nan rawaya ya tsiyaye, a wanke, a tsaga, a shafa yauƙin ciki. Ƙuna mai faɗi, ko mai zurfi, ko ta fuska, ko ta ƙaramin yaro, sai gidan likita nan take.

Ruwan rawayan nan mai ɗaci zawo yake sawa. Mai ciki, da mai shayarwa, da yara, kada a ba su shi su sha, ko da wani mai tallar magani ya ce yana wanke ciki. Kada kuma a ɗauka duk shuka mai kaurin jiki magani ce. Kariya, mai jan furen nan da ake dasawa don ado, ita ma ruwa kaɗan take so, amma ruwan jikinta dafi ne. A ajiye ta inda hannun yara da bakin awaki ba za su kai ba.